Taurarin Malam da Taurarin Majigi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rataya mata fitilu, ya bar mu a ƙasa muna ɗaga kai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji. An ce muku kundin taurari na gidanmu ya tsallake ni ya faɗa hannun ƙanena, baffanku Habu, don na yi wa gari ƙarya a kan sama, kuma mahaifina Malam ya yi fushi da ni har ya koma ga Allah bai huce ba. Rabin farko na maganar akwai gaskiya a ciki. Rabi na biyu babu ko kaɗan. Ban gyara ta ba muddin Habu yana da rai, don kada a ce ƙyashi nake yi. Yanzu ya riga ni, ni ma idona ya fara hazo irin na Malam, gara in rubuta tun ina ganin bakin alƙalami.

Kundin nan takardu ne cikin gafaka, da ajami, rubutun kakana. A ciki aka jera taurarin shekara da kwanakin kowane. Aikinsa guda ne a garinmu, wanda ke tafiyar hantsi daga Yekuwa: a gaya wa manoma yaushe za su shuka. Idan bazara ta yi nisa, akwai wani tarin ƙananan taurari da muke kira Kaza da 'ya'yanta, malamai na ce musu Surayya. Kullum bayan magariba ana ganin ta yamma, kullum tana ƙara sauka. Ranar da aka duba ba a gan ta ba, sai a ce Kaza ta faɗi, daga nan Malam ke fara ƙirga. Ruwan da ya sauka kafin ƙirgan ya cika, ba a shuka gero a kansa, domin yakan tsiro da hatsi ya tafi ya bar shi rana ta ƙone. Malam kan ce tauraro ba ya ba da ruwa, Allah ke bayarwa, tauraro alama ce kawai ta ƙirgan kwana. Amma a shekarun da suka biyo bayan babban farin nan da ya kashe shanu ya watsa gidaje, iri ya yi ƙaranci. Mutum na da ƙwarya guda, in ya zuba ta a ƙasa ba kan lokaci ba, shi ke nan. Saboda haka kalmar nan, "ta faɗi", tana da nauyin rumbu.

A shekarar da nake ba ku labari, farar yana ta riga ta rufe idon Malam. Kowa ya sani, ba mai faɗi. Ni ne idonsa. Bayan sallar magariba nakan riƙe hannunsa mu hau tudun da ke bayan masallaci, inda tsohon gawo yake tsaye. Ni ɗan fari ne, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai ya ce "kai".

"Kai, tana nan?"

"Tana nan, Malam."

"Nawa tsakaninta da kan gawon?"

Sai in miƙa hannu in auna da yatsu. "Huɗu, Malam. Jiya biyar."

Sai ya gyaɗa kai, ya ɗaga fuska wajen da yake zaton take, ya daɗe haka nan, iskar yamma na kaɗa gemunsa. Ni kuma in koma gida in ja layi guda a allo. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, da mahaifiyarku Hajara da 'ya'ya biyu, kuma ba wanda ke shakka cewa gafakar nan tawa ce bayan Malam.

Akwai wata baiwa kuma da Allah ya yi mini, ita ce ta ja mini abin da ta ja. Ina da bakin labari. Da Mauludi ni ake sa wa in karanta ƙissoshin annabawa. Ina da wata murya da nake yi musu, doguwa, mai sauka a hankali, wadda in na ɗauke ta da bisimilla da salati, tsofaffi kan sunkuyar da kai tun ban shiga labarin ba. Mutanen garinmu sun san muryar nan kamar yadda suka san kiran salla. Abin da aka faɗa da ita, an gama.

Ana haka sai Manzo mai majigi ya zo. Mutumin Magarya ne, da can yana awon gyaɗa, da gyaɗa ta daina yi sai ya sayi tsohuwar mota da injin wuta da na'urar silima, yana bin garuruwa. Ya sauka a tsohon filin awon gyaɗa, ya kewaye shi da zana, ya ɗaura farin ƙyalle tsakanin itace biyu. Silimar da ya kawo daga Kano ya samo ta, duk ta goge, kuma da Ingilishi ake magana a ciki, harshen da ko Mushe Laminu, malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, bai ji, shi Faransanci ya yi. Manzo na neman wanda zai tsaya gefen ƙyalle ya riƙa yi wa jama'a bayani. Aka nuna masa ni.

Da azahar ya kai ni tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar gyaɗa, ya rufe ƙofa, ya toshe taga da buhu, ya haska a bango don in gani kafin jama'a. 'Ya'yana, na ga abubuwa a rayuwata, har Makka na je daga baya, amma wannan yinin daban yake. Bangon ƙasa da na sani tun ina yaro, mai tsaga da gidan zanzaro, sai ya buɗe kamar an cire shi. Baƙi wuluk, ba ƙasa ba sama, taurari sun fi gero yawa. Ga wani jirgi ya shigo a hankali, ba fiffike, dogo kamar a jera rumbuna ɗari a kwance, da 'yan tagogi masu haske kamar gari da azumi. Sai na ji ƙafafuna sun daina taka ƙasa. Na kama buhun da nake zaune a kai. Warin tsohuwar gyaɗa na hancina, ƙura na yawo cikin hasken na'urar, ni kuwa ina can wani wuri da ba gabas ba yamma, ina tunanin ko ina mutum zai fuskanta in zai yi salla. Na ga wata ƙasa ja, busasshiya, ba ko ciyawa. Na ga jirage suna jifan juna da wuta, wani tauraro ya fashe da ƙara. Daga ƙarshe wani mutum cikin farin kaya ya fito bayan jirgi da igiya a ƙugunsa, ya gyara abin da ya gyara, igiyar ta sarƙe tana jan jirgin zuwa ga wuta, sai ya sa hannu ya kwance ta. Ya yi ta nisa, yana juyawa a hankali, har ya zama ɗigo.

Da Manzo ya buɗe ƙofa, rana ta mare ni. Na ce, "Manzo, me suke cewa?"

Ya ce, "Ɗan Malam, ni ma da nake yawo da su wata uku ban sani ba. Mai farin kayan nan dai shi ne na kirki. Sauran kai ka san yadda za ka yi."

Na san yadda zan yi kuwa. Tun kafin in kai gida labarin ya haɗu a kaina. Mutanen jar ƙasa rijiyoyinsu ne suka ƙafe, suka ƙera jirgi suka tafi neman ruwa cikin taurari. Mai farin kaya na sa masa suna Isuhu, na ce maginin rijiya ne, shi ya sa bai tsoron sauka cikin duhu da igiya a ƙugu.

Bayan isha filin ya cika, maza a dama, mata a hagu, har Fulanin da ke rugar bakin tafki sun zo. Manzo ya rage muryar na'ura, ya yi mini alama. Ga kuskuren da na yi, kuma wallahi ban yi niyyarsa ba. Na ga taron jama'a zaune a tabarmi suna jirana, bakina ya yi abin da ya saba. Na yi bisimilla, na yi salati, jama'a suka amsa gaba ɗaya. Na ɗauki muryar Mauludi na ce, "Ya zo a labari cewa akwai wasu bayin Allah..." Tsofaffi suka sunkuyar da kai, sannan suka ɗaga suka ga taurari.

Ba wanda ya motsa, sai Mushe Laminu. Saurayi ne siriri mai tabarau, ɗan kirki, amma ba ya iya haɗiye magana. Da jirage suka fara jifan juna, ƙara ta cika filin, sai ya miƙe.

"Jama'a, wannan ba daidai ba ne! A can babu iska. Inda babu iska, ƙara ba ta tafiya, wuta ba ta ci haka da hayaƙi!"

Wani daga baya ya ce, "Mushe, yaushe ka dawo daga can? Ba ka kawo mana tsaraba ba?"

Aka yi dariya. Bai zauna ba. "Kuma tsakanin tauraro da tauraro, ko jikan jikanka ba zai kai ba. Su kuwa sun kai kafin a sha shayi!"

"Kanka ya tare mana jirgi, Mushe!" in ji wata mata.

Ya zauna yana huci. Ni kuwa na ci gaba, muryata ba ta ko girgiza ba. Da Isuhu ya kwance igiya, na ji mata na salati, wani tsoho na cewa Allah ya jiƙansa. Na koma gida kamar ina tafiya a kan ruwa.

Da safe, muna zaure ni da Malam, sai ga Kawu Mati. Manomi ne dattijo, fari ya cinye masa shanu da 'ya'ya biyu, ba ya wasa da maganar iri. Ya gaida Malam, ya durƙusa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita. Tauraron nan da ya fashe jiya, yana cikin na ƙirga? In yana ciki, lissafin bana ya lalace ke nan?"

Malam ya juyo da fuska wajena. Kafin in buɗe baki Mushe Laminu ya yi sallama, a kan hanyarsa ta zuwa lakwal. Ya ce ya ji mata a bakin rijiya suna shirin yin sadakar waina saboda Isuhu, ɗalibansa kuma tun da sassafe sun same shi a gida suna gardama da shi kan abin da ya koya musu wata uku. Ya ce da Kawu Mati, cikin ladabi, ba tauraron da ya fashe, ba Isuhu, ba jirgi. Turawa ne suka ƙera 'yan kayan wasa suka ɗauki hoto.

Kawu Mati ya dube shi, ya dube ni. Ya sa hularsa.

"To, Malam. In gaskiya ne, samanmu ta taɓu. In ƙarya ne, ɗanka ya yi bisimilla a kan ƙarya, ni kuma na amsa masa salati. Kuma shi ne zai hau tudu ya ce mana ta faɗi. Ƙwarya guda gare ni, Malam. Guda."

Ya fita. Na raka Mushe har bakin ƙofa, raina a ɓace, amma akwai abin da ke cina tun jiya. Na ce, "Mushe, don Allah, da gaske babu ƙara a can?"

Ya ce, "Ko mahaifiyarka ce ke kiranka daga kamu ɗaya, ba za ka ji ba. Sai dai ka ga bakinta na motsi."

Maganar nan ta shige ni, ta yini tana juyawa a ƙirjina kamar yadda Isuhu ke juyawa.

Da magariba muka hau tudu. Malam ya yi tambayarsa, na ce tana nan, yatsa uku. Maimakon mu sauko, sai ya zauna a saiwar gawo.

"Kai, taurarin ƙyallen nan. Ka ga Kaza a cikinsu?"

"Ban gani ba, Malam."

"Zara fa?"

"Babu ko ɗaya da na sani. An watsa su ne kawai kamar an zubar da gero a tsakar gida."

"To ba samanmu ba ce." Sai ya juyo wajena. "Ta yi maka daɗi?"

Na ce, "Ta yi mini daɗi, Malam, har na ji kunya."

Ya ce in zauna gida yau, kada in ƙara taka filin nan. Manzo zai tafi jibi, shi Malam zai ce da Mati ƙuruciya ce, kafin ruwa ya sauka maganar ta mutu, gafaka tana nan tana jirana. Ba umarni ya yi ba, hanya ya nuna mini, kuma hanya ce mai kyau. Na ce to.

A gida Hajara na kwashe tuwo. Na ba ta labari duka. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kakata ta raine mu da kura mai magana da kurciya mai aure, ba wanda ya taɓa zuwa da safe ya tambaye ta ko gaskiya ne. Amma ita ba ta taɓa yi mana bisimilla a kai ba. Abin da ake cewa take cewa."

Na ajiye lomar da na ɗauka. Na gane ba jirgin ne ya yi ɓarna ba, ƙofar da na shigo da shi ce. Labari na da ƙofarsa, tatsuniya na da tata, ni na ɗauki baƙon wannan na shigar da shi ta waccan. In na ɓuya a gida, matan nan za su yi sadakarsu, Mati zai ci gaba da kallona da ido biyu, kuma bisimillar da na yi tana nan a wuyana. Ba zan ɓoye muku ba kuma, akwai dalili na biyu da bai kai na farko tsarki ba: ina son in sake komawa can cikin taurarin ƙyallen.

Na koma wurin Malam na gaya masa abin da zan yi. Ya ce, "Ka san tatsuniya aikin tsofaffin mata ne da yara a ɗaka. In ka buɗe baki ka faɗi kalmar nan gaban maza, kai ɗan malam, ba za su ƙara karɓar ranar shuka daga bakinka ba. Ba don sun ƙi ka ba. Ba za su iya ba ne."

Na ce, "Na sani, Malam."

Ya daɗe yana jan tasbaha. Sannan ya ce, "Kira mini Habu. Ya riƙe mini hannu, zan je."

Jama'ar daren sun fi na jiya. Da aka ga Malam ya shigo, aka tashi aka shimfiɗa masa buzu a gaba, aka yi ta kallon juna. Manzo ya yi mini alama, na ce ya dakata. Na ce, "Jama'a, jiya na yi kuskure, ina neman gafarar Allah da taku. Na yi bisimilla a inda ba wurinta ba. Abin da kuka gani Turawa suka ƙera, abin da kuka ji ni na ƙera. Ba tauraron da ya fashe. Taurarin Allah suna nan bisa kanku, ku ɗaga ku duba." Suka ɗaga kuwa, gaba ɗaya, har da Kawu Mati. Sannan na sauke muryar Mauludi, na ɗauko wata da ban yi amfani da ita ba tun ina ɗan shekara bakwai.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Shiru. Maza suka sunkuyar da kai, amma ba irin sunkuyon jiya ba, na jin kunya a madadina. Can sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata, Gwaggo Delu mai daddawa, ta ɗaga murya.

"Ta zo mu ji ta, ɗan nan! Mun biya dala biyu!"

Filin ya fashe da dariya, yara suka amsa da ƙarfi, Manzo ya kunna. Sai na ji an sauke mini kaya. Jiya ina taka-tsantsan kamar mai ɗauke da ƙwai, yau na saki baki. Na ba Isuhu mata mai faɗa da ta bi shi har bakin jirgi tana tambayar wa zai gyara mata danga. Na ce sarkin abokan gaban su Isuhu ɗan awon gyaɗa ne da ya saba danne sikeli da ƙafa, Manzo ya yi ihu daga bayan na'ura wai a bar tone-tone. Mutane suka riƙa sa baki, suna gargaɗin Isuhu, suna zagin abokan gaba. Da ƙara ta tashi, Mushe Laminu ya fara miƙewa, ya ce, "Amma dai ku sani..."

Gwaggo Delu ta ce, "Mushe, kura ma ba ta magana, mun sani. Zauna, ɗana."

Ya zauna, shi ma yana dariya.

Tun kafin a fara na roƙi Manzo abu guda: idan mai farin kaya ya fito da igiya, ya kashe muryar na'ura gaba ɗaya. Da lokacin ya zo ya kashe. Ganguna da ƙarar da Turawa suka sa duk suka ɗauke, sai gunjin injin can nesa bayan zana. Na ce a hankali, "Mushe ya gaya mini, kuma wannan gaskiya ne ba tatsuniya ba, a can babu ƙara. Ga 'yan'uwansa a taga suna kiransa. Ku dubi bakinsu. Ba ya ji." Daga nan ni ma na yi shiru. Isuhu ya kwance igiya, ya yi ta nisa, yana juyawa. Bayan ƙyallen kuma, ta sama da shi, ga taurarin gaske, har ba ka san inda waɗannan suka ƙare waɗancan suka fara ba. Ba wanda ya yi tari. Kowa a wurin ya san babu Isuhu, na faɗa musu da bakina, amma kowa a wurin yana da wanda ya tafi lokacin fari, aka yi ta kira bai ji ba. Na ga kafaɗun Kawu Mati na rawa. Na ga Mushe ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na ce, "Ƙurungus kan kusu."

Da ake watsewa Mushe ya kama hannuna. Ya ce, "Har yanzu fa hayaƙin nan ba daidai ba ne."

Na ce, "To me ya shiga idonka?"

Ya ce, "Shi hayaƙin."

Na sha tunanin gardamar Mushe a shekarun da suka biyo baya. Bai yi kuskure ba ko sau ɗaya, kuma ɗan abin da na ara daga iliminsa shi ya fi komai taɓa mutane. Amma hayaƙin da ya dame shi bai hana kowa kuka ba, har shi kansa. Inda iri ke rataye, a nan ake bukatar kowane yatsa ya zama daidai. A kan ƙyalle kuwa, abin da mutane ke bukata shi ne a gaya musu tun daga ƙofa inda za a kai su.

Abin da Malam ya faɗa ya tabbata. Washegari maigari ya aiko dattawa biyu, suka yi ta kewaye-kewaye da yabon gidanmu, daga ƙarshe suka ce ko Habu zai riƙa raka Malam tudu, tunda ni ayyuka sun yi mini yawa. Kawu Mati yana cikinsu. Da za su fita ya tsaya ya ce, "Wallahi ka iya, ɗan Malam. Amma ka gane." Na ce na gane. Da magariba na tsaya bayan dangarmu ina kallon Habu ya riƙe hannun Malam suna hawa. Ban ƙara taka tudun nan ba har yau. Mauludin shekarar ma wani aka sa ya karanta, sai da aka shekara uku kafin a sake nemana. Sunan mai tatsuniya kuwa ya bi ni, kun ji shi da kunnenku. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Habu kuwa ya riƙe gafakar nan da amana har ƙarshen ransa. A shekarar ma ruwan yaudara ya sauka, ya ce a jira, aka jira, gero ya yi. Kada wani cikinku ya rage masa komai.

Kwana uku bayan tafiyar Manzo, na duba yamma daga bayan danga, na duba, na sake dubawa. Babu ita. Bayan isha Malam ya aiko a kira ni. Yana kishingiɗe a tabarma a tsakar gidansa, fuskarsa sama.

"Kai, Habu ya ce ta faɗi. Ka gani?"

"Na gani, Malam. Ta faɗi."

"Alhamdu lillahi. To na fara ƙirga." Ya gyara kwanciya. Na yunƙura zan tashi, sai ya kama bakin rigata. "Mutumin nan mai igiya. Ina ya faɗa?"

Na ce, "Malam, majigin bai nuna ba."

"Na san bai nuna ba. Ni da ma ban ga majigin ba, kai na ji." Ya yi ɗan murmushi. "Shekara sittin ina kallon sama don in gaya wa mutane ranar shuka. Ban taɓa shiga cikinta ba sai daren nan na majigi. Buɗe tatsuniyar yadda ake buɗewa."

Na duba hagu da dama, ba kowa sai akuya a turke. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Malam, mai kundin taurari, wanda gari ke tashi tsaye in ya shigo, ya ce a hankali, "Ta zo mu ji ta."

Damina biyu ya ƙara a duniya. A cikinsu, duk daren da jikinsa ya yarda, sai ya fara tambayata abin da ke sama na gaskiya, in faɗa masa yatsa da yatsa, sannan mu ɗauki Isuhu daga inda muka bar shi. Mun kai shi ƙasar da ake ruwan sama daga ƙasa zuwa bisa, mun kai shi inda gero ke nuna a kwana bakwai. Malam bai yarda mu dawo da shi gida ba, kullum sai ya ce a ƙara gaba kaɗan. Ranar da ya rasu, Isuhu na kan hanya.

Wannan shi ne fushin da aka ce muku ya yi da ni. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Habu, ya haskaka musu makwanci, mu kuma ya sa mu cika da kalmar gaskiya a baki.